Kashi 5 cikin 100 na nakasassu a aikin gwamnati: ta wace ƙofa ake shiga?

Ɗan_Kubwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka san aikin gwamnati ciki da bai. Kullum ana cewa doka ta ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. To a aikace ta ina ake bi? Akwai fom na daban ne, ko layi ɗaya ake bi da kowa? Sai abin da ya fi raba kan matasanmu a nan Abuja: idan mutum ya zo cike fom, ya rubuta lalurarsa ko ya yi shiru sai ranar ganawa? Wasu na cewa da zarar ka rubuta, sunanka ya zube tun a tantancewar farko. Akwai masu digiri da NCE da yawa a zauren nan da ke karantawa ba sa magana, a taimaka musu da bayani mai tushe.

Barista_Wuse:
Wa alaikumus salam. Mu fara da dokar kanta, don a san abin da ta bayar da abin da ba ta bayar ba. Ita ce Dokar Hana Nuna Wariya ga Nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Sashe na 29 shi ne wanda kowa ke ambato. Cewa ya yi duk hukumar gwamnati mai ɗaukar ma'aikata ta yi gwargwadon iko ta ga aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatanta nakasassu ne. An sassauta shi da wannan "gwargwadon iko", kuma ba a rataya masa wani hukunci ba. Sannan maganar jimillar ma'aikatan hukuma yake yi, bai ce a kowane zagayen ɗauka sai an cire biyar daga ɗari ba.

Sashen da ya fi amfani a gaban alƙali shi ne na 28. Ya ba mai nakasa haƙƙin yin aiki daidai da kowa, ya kuma ce wanda ya tauye wannan haƙƙi zai biya wanda aka zalunta diyyar aƙalla naira 250,000, kamfani kuwa aƙalla naira 500,000, babban jami'in kamfanin da ke da hannu a ciki naira 50,000. Sashe na 1 ya sa tarar naira miliyan 1 a kan hukuma ko kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun.

Don haka ƙanena, babu wani fom na daban da doka ta tanada. Ƙofa ɗaya ce da ta kowa.

Baba_Ritaya:
Barista ya yi daidai, sai dai in gyara masa abu ɗaya: ƙofofin suna da yawa, kuma rashin sanin wannan ke sa yara su yi ta kai takarda inda ba a da ikon ɗaukarsu.

Ma'aikatun tarayya, irin su ta Ilimi, ta Ayyuka, ta Harkokin Waje, daga mataki na 7 zuwa sama Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗauka, wato FCSC da ke Wuse Zone 3. Ƙananan matakai, na 6 zuwa ƙasa, an bar wa kowace ma'aikata ta ɗauka da kanta ta hannun kwamitinta na ƙananan ma'aikata. Mai digirin da ya gama bautar ƙasa a mataki na 8 yake shiga, mai NCE a na 7, mai ƙaramar difloma a na 6. Ka ga ke nan mai ƙaramar difloma da ke zarya a Zone 3 wahalar da kansa kawai yake yi.

Hukumomi masu cin gashin kansu, kamar Babban Banki, jami'o'i, asibitocin koyarwa, kowacce da majalisar gudanarwarta take ɗauka. Majalisar Dokoki ta Ƙasa na da hukumar ma'aikatanta. Kotunan tarayya ma haka. Babban Birnin Tarayya shi ma yanzu yana da tasa hukumar ma'aikatan.

Kuma a yawancin hukumomin tarayya, kafin hukuma ta ɗauki ko mutum ɗaya bisa ƙa'ida sai ta sami izini daga ofishin Shugaban Ma'aikata, ofishin kasafin kuɗi ya tabbatar akwai kuɗin albashi, Hukumar Raba Daidai ta duba jerin sunaye ta ba da takardar amincewa, sannan a shigar da mutum tsarin biyan albashi na IPPIS. A irin waɗannan hukumomi, duk takardar aikin da ta tsallake waɗannan matakai ba za ta haifar da albashi ba.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Baba. Ni kan tambaya ta biyu zan tsaya. A rubuta. Sanarwar da FCSC ta fitar a watan Janairun 2025 ta ce ƙarara masu nakasa su bayyana irin nakasarsu. Idan ba ka rubuta ba, da wane suna za a ƙirga ka a cikin kashi biyar ɗin? Mai tantancewa ba duba yake yi ba, abin da ke cikin fom yake gani. Sannan ranar jarrabawar kwamfuta, wanda bai faɗa ba za a iya jefa shi cibiyar da ke hawa na biyu babu lifta, kuma ba shi da bakin ƙorafi domin bai sanar da kowa ba.

Sarkin_Nyanya:
Hajiya, a takarda maganarki gaskiya ce. Amma ba kowace hukuma ce FCSC ba. Akwai wuraren da mutum uku ne ke zama a ɗaki su tace sunaye dubu, kuma abin da suke nema shi ne dalilin rage yawa. Suna ganin "makaho" ko "kurma" sai su ce wa zai yi ɗawainiyarsa, su ajiye fayil gefe, ba wanda zai taɓa sanin dalili. Ni shawarata ita ce idan fom bai tambaya ba, kuma lalurar ba ta buƙatar wani tanadi a ranar jarrabawa, kamar mai ɗingishi ko mai hannu ɗaya, kada ya cusa ta cikin takardar tarihin karatu da aikinsa. Ya bari su gan shi ido da ido, su ji bakinsa. Korar mutum a gabanka ta fi ajiye takarda wuya.

Maman_Ilham:
Idan fom bai tambaya ba, wannan wata magana ce, na yarda. Amma idan ya tambaya ka ce babu, ka yi ƙarya a takardar gwamnati, kuma wannan kaɗai ya isa a soke aikin ko bayan shekaru.

Barista_Wuse:
Maman Ilham ta taɓo wurin da ya kamata. Bayanin ƙarya a lokacin ɗauka dalili ne na sallama a dokokin aikin gwamnati. Ga kuma ɓangaren shari'a: wanda ya ɓoye ya raunana ƙararsa da kansa. Lauyan hukuma zai tashi ya ce ba mu ma san yana da nakasa ba, ta yaya muka nuna masa wariya? Wanda ya rubuta, ya kuma ajiye shaidar ya rubuta, shi ke da abin riƙewa.

Likita_Gwagwalada:
Bari in shigo da takardun asibiti, domin nan ake yawan tuntuɓe. Takardu biyu ne mabambanta, mutane na cakuɗa su.

Ta farko rahoton nakasa. Wannan ke bayyana mene ne lalurar, tun yaushe, kuma mai ɗorewa ce ko ta wucin gadi. A karɓo shi daga asibitin gwamnati, a kan takarda mai tambarin asibiti, da sa hannun likitan fannin da hatiminsa. Mai matsalar ji ya haɗa da sakamakon gwajin ji, wanda ke nuna ƙarfin jin kowane kunne daban. Mai matsalar gani a rubuta masa ma'aunin ganin kowane ido, da tabarau da kuma babu tabarau. Mai matsalar ƙafa ko ƙashin baya likitan ƙashi zai gani. Babban Asibitin Ƙasa da ke cikin gari da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada duk suna da waɗannan sassa. Wanda Kaduna ta fi masa sauƙi, can akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

Ta biyu takardar shaidar lafiyar yin aiki, wadda dokokin aikin gwamnati suka wajabta wa duk sabon ma'aikaci. A nan ne ɓarna ke faruwa. Wani likitan da ya ga keke ko sanda sai hannunsa ya yi nauyi, ya rubuta kalamai masu harshen damo, ma'aikata kuma ta fake da su. Tambayar da wannan takarda ke amsawa ita ce: shin mutumin nan zai iya aikin da aka ɗauke shi? Shan inna da ya taɓa ƙafa tun yarinta ba ya hana akanta lissafi. Don haka ka je da takardar ɗaukarka, ka nuna wa likita sunan muƙamin, ka roƙe shi ya rubuta cewa kana da lalura kaza, ba mai ƙaruwa ba ce idan haka ne, kuma ba ta hana ka aikin muƙami kaza. Jimla ɗaya ce, amma tana rufe baki da yawa.

Ɗan_Kubwa:
Likita, to ina matsayin takardar shaidar nakasa ta hukumar nakasassu? Dole ce?

Malama_Talatu_Karu:
Dokar 2018 ce ta kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa, NCPWD, ta kuma ba ta ikon bayar da takardar shaidar nakasa. A 2020 aka naɗa shugabanninta na farko, James Lalu ya zama babban sakatare, a 2024 kuma aka naɗa Ayuba Gufwan. Wanda ya sami halin yin rajista da su ya yi, domin takardar na kawar da gardamar ko da gaske ne. Amma kada a zauna jiranta har a rufe shafin neman aiki. A cike fom da rahoton asibiti, a ci gaba da bin ta hukumar. Kuma a sani hukumar ba ta ɗaukar wa wasu ma'aikatu aiki. Iyakarta ta rubuta, ta tunatar, ta karɓi ƙorafi, ta bi kadi.

Sandar_Gani:
Ina so masu ido su fahimci inda makaho ke faɗuwa, domin galibi tun kafin a kai ga maganar cancanta ne.

Wurin farko shi ne shafin cike fom. Makaho na aiki da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, NVDA wadda kyauta ce, ko JAWS wadda ake saya, a wayar Android kuma TalkBack. Idan mai gina shafi bai sa wa akwatuna suna ba, manhajar sai ta yi ta cewa "akwati, akwati", ba ka san wanne ne na suna wanne ne na jiha ba. Ga kuma hoton haruffan nan da ake cewa ka kwafa don a tabbatar mutum ne, wanda idan babu na sauti to an rufe ƙofa. Sai a tafi shagon intanet, yaron shago ya cike cikin gaggawa. A nan ake samun sunan da aka juya, shekarar haihuwa da ta saɓa da ta NIN, ko a zaɓi muƙamin da bai dace da karatun mutum ba. Ka sa a karanta maka kowane layi da ƙarfi kafin a danna aikawa. Lambar waya da adireshin imel su zama naka, ba na mai shago ba, domin ta nan gayyata za ta zo. A buga maka takardar shaidar kammalawa kwafi biyu.

Wuri na biyu jarrabawar kwamfuta. Da zarar sunanka ya fito, kada ka jira ranar. Rubuta wasiƙa ga shugaban hukumar, ka faɗi lambar fom ɗinka, cibiyar da aka tura ka, da abin da kake buƙata dalla-dalla: kwamfuta mai manhajar karatu da abin sawa a kunne, ko mai karanta maka tambayoyi ya danna amsar da ka faɗa, da ƙarin lokaci, da wurin zama nesa da hayaniya don ka ji mai karatun. Tambayoyi masu zane da jadawali a nemi a musanya su ko a bayyana su da baki. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. JAMB na shirya wa makafi jarrabawa ta musamman tun 2017 ƙarƙashin kwamitin Farfesa Peter Okebukola. Abin da aka iya yi wa ɗan sakandare ba zai gagara ga mai digiri ba.

Baba_Ritaya:
Wasiƙar da Sandar Gani ya ambata, ga yadda ake kai ta. Kwafi biyu. Ka kai rajista, wato ofishin karɓar wasiƙu, ba hannun wani jami'i a farfajiya ba. Ma'aikacin rajista zai buga hatimin "an karɓa" mai ɗauke da kwanan wata a kan kwafinka, ya sa hannu. Ka taɓa wurin, ko ka sa a duba maka, cewa kwanan watan ya fito sosai, domin tawadar hatiman nan kan dushe har ba a iya karanta rana. Ka ɗauki hotonsa a waya nan take. A ƙasan wasiƙar ka nuna ka aika kwafi ga NCPWD, kuma ka kai musu da gaske. Jami'in gwamnati na iya manta maganar baki, amma takardar da ta shiga fayil sai an yi mata amsa ko a san wanda ya danne ta.

Tafinta_Mararaba:
Na kurame kuma a ranar ganawa yake. Kurma kan ci jarrabawar rubutu lafiya lau, ya zo gaban kwamiti a rasa mai fassara. Sai a ce ya rubuta amsa a takarda, mambobi su gaji bayan tambaya biyu, a ba shi maki kaɗan. A nemi tafinta a rubuce tun ranar da gayyata ta zo, a kuma nemi izinin zuwa da naka idan ba su da shi.

A kula da irin tafintan. Yaren hannu da ake koyarwa a makarantun kurame, wanda ya samo asali daga na Amurka, daban yake da maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa ke yi a gida da kasuwa. Wanda ya yi jami'a da na makaranta zai amsa tambaya, don haka ɗan'uwan da ya iya maganar gida kawai ba zai fitar da shi ba. Tafinta ya zauna gefen kwamiti yana fuskantar mai neman aiki, haske na kan fuskarsa da hannayensa, kada taga ta kasance a bayansa. Ku haɗu da shi kwana ɗaya kafin ranar ku daidaita alamun kalmomin fanninka.

Abu na ƙarshe, a fom a rubuta kusa da lambar waya cewa saƙon rubutu kawai. Ana kiran kurma sau uku bai ɗauka ba, a rubuta "ba a same shi ba".

Hasken_Bwari:
A sa zabiya a lissafi. Yawancinsu ganinsu na da rauni ko da tabarau. A jarrabawa su nemi a ƙara girman rubutun allo, a rage haskensa, a zaunar da su inda hasken taga ba ya dukan allo. Bayan an ɗauka kuma, a nemi kada a tura su aikin da ake wuni a rana, saboda cutar dajin fata. Rahoton likitan fata na taimakawa a nan.

Ɗan_Jos_a_Lugbe:
Ni abin da ke ba ni mamaki, ana ta maganar dokar 2018 kamar daga nan aka fara. Jihar Filato ta yi dokar haƙƙin nakasassu tun 2005, tana da hukumarta a Jos. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take. Jami'ar Jos na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da ya daɗe yana yaye malamai. Shugabannin NCPWD biyun da Malama Talatu ta ambata duk 'yan Filato ne. Abin nufi, wanda ya zo Abuja neman aikin tarayya kada ya saki na jiharsa. Hukumar ma'aikatan jiha, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, hukumar malaman sakandare, hukumar ƙananan hukumomi, duk ƙofofi ne, kuma can an san gidanku. Mai NCE ko digirin koyarwa ya tabbatar ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, domin ana tambayar takardar.

Malama_Talatu_Karu:
Gaskiya ne, amma a daina tura kowane mai nakasa koyarwa a makarantar nakasassu kamar nan ne kawai wurinsa. Wanda ya karanta lissafin kuɗi ya nemi aikin akanta. Wanda ya karanta shari'a ya nemi Ma'aikatar Shari'a.

Baba_Ritaya:
Maganar jiha ta tuna mini da abin da ya fi kashi biyar tasiri a teburin tantancewa, wato rabon jihohi. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ita ce kowace jiha ta sami tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na ma'aikatan hukuma, Babban Birnin Tarayya kashi 1. Ma'ana kai ba da dukan Najeriya kake takara ba, da 'yan jiharku kake yi. Zama a Kubwa ko Nyanya shekara talatin bai mai da kai ɗan asalin Abuja ba. Takardar asalin ƙaramar hukumarku ta gida ita ce abin nema, kuma sunan da ke kanta ya yi daidai da na takardun makaranta harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, sai an yi rantsuwa a kotu kafin a daidaita.

FCSC na da shugaba da kwamishinoni da ba su wuce 15 ba, kowanne na wakiltar jihohi biyu ko uku. Halas ne ka rubuta wa kwamishinan da ke wakiltar jiharku, ka sanar da shi ka nema, ga lambarka, ga lalurarka, ga sashe na 29. Wannan ba neman alfarma ba ne, tunatarwa ce.

Ku kuma yi lissafi. Kashi 5 cikin 100 na nufin mutum ɗaya cikin 20. Hukumar da ta sami izinin ɗaukar mutum 15 a asirce, ba tare da talla ba, ko ta so ba ta ganin gurbin. Ƙa'ida ta ce a tallata gurabe a manyan jaridu aƙalla biyu na tsawon mako shida, amma ana yawan neman a ɗage wa hukuma wannan sharaɗi. A ganina nan ne kason nakasassu ke salwanta, fiye da teburin da Sarkin Nyanya ke tsoro.

Sarkin_Nyanya:
Ranka ya daɗe, ai maganata ke nan ta wata fuska. Idan yawancin ɗauka ba a tallata ta, to rubuta lalura a fom ko rashin rubutawa duk bai taso ba. Wanda ya san wani shi ke ji.

Maman_Ilham:
Shi ya sa ƙungiya ke da amfani. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, wato JONAPWD, da ƙungiyar makafi ta ƙasa, ta kurame, ta masu lalurar laka, duk suna da rassa a Abuja. Idan hukuma ta tashi cike kason, sau da yawa jerin sunaye take nema daga ƙungiya ko daga NCPWD. Wanda ba ya cikin kowace rajista ba zai shiga jerin ba. Sai dai 'yan ƙungiya su riƙa tambayar shugabanninsu yadda aka zaɓi sunayen, a fili, a taro. Kason da aka ƙwato da sunan kowa bai kamata ya ƙare a gidan mutum biyar ba.

Barista_Wuse:
Akwai makamin da ƙungiyoyi ba su cika amfani da shi ba: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa hukuma ya tambayi yawan ma'aikatanta, nawa ne nakasassu a ciki, mutum nawa ta ɗauka a shekara kaza. Doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Da wannan amsa ake tunkarar kwamitin majalisa ko kotu, ba da "an ce" ba.

Wanda aka ƙi shi a fili saboda nakasa, ya rubuta abin da ya faru a ranar: wa ya faɗa, ƙarfe nawa, a gaban wa. Ya kai ƙorafi NCPWD, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, duk kyauta ne. Shari'ar aiki kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke saurare. Kada a yi jinkiri, domin ƙarar jami'an gwamnati na da wa'adi gajere, lauyoyinsu kuma da shi suke fara kare kansu.

Kofur_Mai_Ritaya:
A faɗa wa yara gaskiya kan aikin kaki, kada su yi asarar kuɗin shago. 'Yan sanda na neman tsayin mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace, kuma sanarwarsu kan lissafo abubuwan da ke hana shiga, har da in'ina, gwame da nakasar hannu. Shige da fice, gidan gyaran hali, kashe gobara da Sibil Difens su ma suna da sharaɗin tsayi da lafiyar jiki. Amma ma'aikatun da ke kula da su, ta Cikin Gida da ta Harkokin 'Yan Sanda da ta Tsaro, suna da ma'aikata farar hula, kuma ta FCSC ake shiga.

Hasken_Bwari:
Tambaya: wanda ya wuce shekara 30 fa? Yawancinmu mun makara a karatu.

Baba_Ritaya:
'Yata, dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ce daga shekara 18 zuwa 50. Wasu hukumomi kan sa nasu iyaka a sanarwa, amma wannan ita ce ƙa'idar asali. Shekara 30 ta NYSC ce: wanda ya kammala digiri bayan ya haura 30 takardar yafewa ake ba shi, kuma tana aiki daidai da ta kammala hidima. Wanda ya yi karatun wucin gadi, wato ba na cikakken lokaci ba, wasiƙar cirewa yake karɓa. Ɗaya daga cikin ukun dole ne ga mai digiri ko babbar difloma. Nakasa ba ta ɗauke wannan sharaɗi, sai dai NYSC kan yi wa mai nakasa sassauci wajen zaɓen jihar da zai yi hidima. Kada kowa ya rage shekaru. NIN, BVN da takardar WAEC za su tona shi ranar shiga IPPIS. Abin da makara ke ragewa shi ne tsawon aiki, tunda ritaya a shekara 60 ne ko bayan shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa.

Malama_Talatu_Karu:
Kafin a tashi, gargaɗi kan masu sayar da gurbi. Yanzu har da masu cewa suna da "gurbin nakasassu", a kawo dubu ɗari kaza. Neman aikin FCSC kyauta ne. A 2022 ofishin Shugabar Ma'aikata ya sanar da gano sama da mutum 1,500 da suka shiga aiki da takardun bogi, a 2023 kuma Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin aiki ƙarƙashin Yusuf Gagdi. Wanda ya saya shi ke asara biyu, kuɗi ya tafi, suna ya ɓaci. Wanda aka nemi kuɗi a hannunsa ya kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC.

Keke_Mai_Tafiya:
Duk kun tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya yi maganar bayan an shiga. Takardar ɗauka ta fito, an tura ka ofis a hawa na shida a Sakatariyar Tarayya, ko wani ginin haya mai bene uku. Ranar da lifta ta tsaya ko aka ɗauke wuta, mai keke yana ƙasa, rajistar zuwa aiki tana sama. Shekara biyun farko na gwaji ne, kuma rashin zuwa aiki na cikin abin da ke hana tabbatarwa. Don haka ranar da ka kai takardar kama aiki, ka haɗa da wasiƙa ga daraktan kula da ma'aikata: a ba ka tebur a hawan ƙasa ko inda lifta ke kaiwa, a sauko da rajista inda za ka iya sa hannu, a duba banɗaki. Ka je ka auna da kanka. Ƙofar da ba ta kai kusan santimita 90 ba keke na wahalar shiga. Gangaren hawa mai kyau, duk tsayin mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12. Waɗanda ake zubawa da siminti a kan matakala uku don a ce an yi, sun fi matakalar haɗari.

Doka ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Barista zai tabbatar, akwai diyyar kullum idan ka sanar a rubuce aka ƙi gyarawa.

Sai ɗaukar hoton yatsu. Wanda ya rasa yatsu, ko kuturta ta taɓa su, ya faɗa tun kafin ranar, ya je da rahoton likita, a rubuta a fayil cewa an ɗauki waɗanda suka samu. Idan ba haka ba sai albashi ya maƙale wata da watanni ana cewa bayanai ba su cika ba. A buɗe asusun fansho da wuri a kai lambar, ana cire kashi 8 daga albashi, gwamnati ta ƙara kashi 10.

Barista_Wuse:
Haka ne, sashe na 8: naira 10,000 a kowace rana idan hukuma ce, naira 5,000 idan mutum ne, bayan an sanar kuma kotu ta tabbatar da laifin.

Ɗan_Kubwa:
Allah ya biya kowa. Saura wanda lalurarsa ba ta fito fili ba, kamar mai farfaɗiya da ke shan magani, ko mai ji da kunne ɗaya. Shi ma ya rubuta?

Likita_Gwagwalada:
Mai kunne ɗaya ya rubuta, ba abin da zai rasa, kuma zai samu a zaunar da shi ta ɓangaren da yake ji. Mai farfaɗiya lamarinsa ya danganta da muƙamin. Tuƙi, aikin injina ko hawa sama, wajibi ne ya faɗa, don ransa da na wasu. Aikin tebur kuwa, idan fom bai tambaya ba, zai iya bari sai wurin gwajin lafiya, ya zo da rahoton likitan da ke duba shi mai nuna tsawon lokacin da ya yi bai faɗi ba da maganin da yake sha.

Sarkin_Nyanya:
To ka ga Likita ma ya dawo kan "idan fom bai tambaya ba". Ni a nan nake tsaye. Hajiya Maman Ilham, a kawo mana hukuma ɗaya da ta wallafa yawan nakasassun da suka nema da yawan waɗanda ta ɗauka, sai in canja shawara.

Maman_Ilham:
Ba za a samu wannan adadi ba muddin masu nema na ɓoyewa, Malam. Barista, don Allah ka sa mana samfurin wasiƙar neman bayanan nan a zaure. Reshenmu na da taro ranar Asabar, sai mu zaɓi ma'aikatu uku mu fara da su.